Maharbin Aladun Daji Da Harsashinsa

A Jihar Texas ta Amurka, aladun daji sukan afka wa gonar masara da dare, kafin asuba sun tumɓuke wahalar shekara. Saboda tsananin ɓarnar, tun 2019 hukuma ta yarda a harbe su ba tare da lasin farauta ba, muddin mai gonar ya amince.

Manomin can ya san harbi ɗaya mai ƙara yakan watsa garken duka. Don haka yakan ɗaura wa bindigarsa bututun rage ƙara, wanda dokar 1934 ta wajabta yi wa rajista. Sa'an nan ya zaɓi harsashi mai nauyi irin .300 Blackout, wanda gudunsa bai kai na sauti ba, watau kimanin mita 340 a daƙiƙa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Harsashi mai nawa ba ya cin nisa, ga namijin alade da kaurin fata a kafaɗa kamar garkuwa. Tilas maharbi ya matso kusa, ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, ya auna bayan kunne. In ya yi garaje ya raunana shi kawai, hauren dabbar yana iya tsaga cinyar mutum. Shi ya sa maharbin kirki, in bai tabbata ba, yakan sauke bindiga ya jira wani daren.