Kafin Ki Sayi Gona, Ki Tambayi Taswira

'Yan uwana mata, yau dai ba zancen kishiya ko girki na kawo muku ba, zancen ƙasa ne. Da yawanmu muna tara kuɗin adashi mu sayi gona, amma ba ma tambayar abin da wurin yake kafin a kai ga nome shi.

Akwai tsofaffin taswirori na ƙasar nan da ma'aikatan safiyo suka zana daga hotunan jirgin sama a shekarun 1950 da 1960. Na fara ganin irinsu a wurin kawuna, tsohon malamin daji. Shi ya nuna mini yadda ake karanta su: santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. Shuɗin layi rafi ne. Layukan nan masu ruwan ƙasa kuwa tudu suke nunawa, in sun matsu da juna to wurin hawa ne mai tsauri. Ga iyakar gandun daji, ga hanyoyin ƙafa da suka gangara mashaya. Wallahi wurare da dama da yau suke gero da gyaɗa a wajejenmu na Zandam, a takardar nan jeji ne.

Shanu ba baƙi ba ne a nan. Duwatsun Mesa da Habude a Birnin Kudu suna ɗauke da zanen shanu na mutanen da. A 1965 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Burtali yana da haƙƙinsa kamar yadda gona take da nata.

Wata maƙwabciyata, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, ta sayar da ɗan kunnenta ta sayi gona mai araha. Ashe bakin burtali ce. Kaka na yi garke ya bi tsohuwar hanyarsa. Da aka je gaban hukuma, aka ce ita ce ta shiga hanya. Ga asara, ga gaba tsakaninta da Fulanin da take sayen nono a wurinsu.

Don haka, 'yar uwa, kafin ki miƙa kuɗinki ki je wurin mai unguwa da dagaci, ki tambayi dattawa, ki sa a duba miki a ofishin ƙasa. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya tsare mana guminmu, amin.