Ja Ne Ke Fara Ɓacewa a Ƙarƙashin Ruwa

Sana'ata a nan Legas gyaran hotuna a kwamfuta, kuma masu nutso da ke duba gindin jiragen ruwa a Apapa sukan kawo mini nasu. Duk kore ne ko shuɗi, domin ruwa yana haɗiye hasken ja tun wajen zurfin mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya.

A Photoshop nakan nemi abin da na tabbata fari ne ko ruwan toka a hoton, in daidaita sauran launuka da shi, sannan in ɗaga ja kaɗan-kaɗan. Inda jan ya ɓace ƙurmus, tilasta shi ɗige-ɗige kawai yake haifarwa, sai dai a sake nutsawa da fitila.

To, matsalar ita ce tsatsa ma ja ce. Ka zarce, ka ƙirƙiro wadda babu, mai jirgi ya yi asarar kuɗi. Ka rage, ka ɓoye ta gaske. Babana mai atamfa yakan fito da zane rana don mai saye ya ga ainihin launinsa. Shi ya sa nake miƙa hoton asali tare da gyararren. Allah Ya ba mu halal.