Sabon gidon, da gwajin da aka manta

Yau ba labarin kasuwa ko na siyasa na zo da shi ba, labarin babur ɗina ne. Na so in faɗe shi a shirin safe, sai na ga minti biyar ba za su isa ba, shi ya sa na kawo shi nan.

Waɗanda suka san ni a Maraɗi sun san tsohuwar Kasea ɗin da nike hawa. A damanar da ta wuce, ina dawowa daga Jiratawa inda na je ɗaukar muryoyin manoma, wata akuya ta faɗo mini a hanya. Na kauce mata, rairayi ya ja tayar gaba, sai ga ni ƙasa. Ban ji ciwon kirki ba, gwiwa ce kawai ta ɗaye. Amma gidon ɗin ya lanƙwashe ta hannun dama. Gidon nike nufi, sitiyarin babur, kada wani ya ce gidan radiyonmu ne ya karkace.

Na yi abin da kowa ke yi. Na tsaya wurin wani mai gyara a bakin hanya, ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun gidon ɗin, ya taka tayar gaba, ya ja har ya miƙe. To, ya ɗan miƙe dai. Na ba shi dala arba'in na tahi ina murna na tsira da kuɗɗina.

Wata biyar na yi ina hawa haka. Hannun dama na gaba, na hagu na baya kaɗan, har jikina ya saba, na daina gani. Kafaɗata ta dama ta riƙa ciwo da dare, na ɗora laifin a kan kujerar situdiyo. Kuma kullum da safe ɗiyata mai shekara shida tana zaune gabana a kan tanki, ta riƙe tsakiyar gidon ɗin da hannu biyu, mu tahi lakkol. Ita ce ma ta gano abin. Wata safiya ta ce: "Papa, ƙarfen nan yana cizona." Na duba inda take riƙewa, kusa da wurin da noti huɗu ke danne gidon ɗin, sai ga wata siririyar tsaga kamar gashi, tsatsa ta bi ta.

Na kai shi wurin wani tsohon makanike da muke ce ma Kawu. Ya sa farce a tsagar, ya dube ni ta saman madubin idonsa.

"Mai radiyo, wa ya miƙe maka wannan?"

Na faɗa mishi. Ya ce ƙarfen gidon bututu ne, cikinsa rami. In ya lanƙwashe aka maido shi da ƙarfi, wurin ya riga ya gaji, kamar wayar ƙarfe da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta katse a hannunka. Kuma ba ya karyewa sanda kake tahiya a hankali, sai ranar da ka faɗa rami ko ka danne birki da ƙarfi, ranar da nauyinka duka ke bisansa. Walda ma bai yarda da ita ba a wannan wuri. Ya ce in je in sawo sabo.

A kasuwa na iske iri-iri. Kaurinsu ɗaya ne, milimita 22, shi ne na yawancin baburan da muke hawa a nan. Amma tsawo da faɗi sun bamban, kuma in ka ɗaga biyu a hannu za ka ji wani ya fi wani nauyi, don naman ƙarfensa ya fi kauri. Mai shagon ya yi ta kukan cewa tun rufe iyakar Najeriya da aka yi a 2023 kaya suka hau, ba su sauko yadda suke ba. Ni kuma ido ya ja ni, na zaɓi wani mai ɗan tsawo da faɗi, irin wanda samarin fada ke so, wai in zauna a miƙe kafaɗa ta huta. Wannan zaɓin nawa ne, ba wanda ya tilasta mini.

Da na dawo Kawu ya tahi jana'iza, sai yaronsa. Yaro ne mai hannu, ban raina aikinsa ba. Ya kwance madubai, ya cire hannun birki da na kuloci, ya zare totur, ya kwance noti huɗun nan da kile, ya aza sabon ya ɗaure. Minti talatin an gama. Na hau, na ji daɗin zaman, na biya, na yi gida a miƙe.

Washegari na ajiye ɗiyata a ƙofar lakkol. Yara cike da wurin, masu tallan ƙosai da fanke a gefe. Na karya kan babur ɗin gaba ɗaya zuwa hagu don in juya, sai inji ya yi ƙara shi kaɗai, babur ya zabura. Wallahi ban murɗa totur ba. Allah ya sa yatsuna na bisa kuloci, na damƙe, na taka birki, tayar gaba ta tsaya taki ɗaya daga wani yaro da jakarsa a baya. Bai ma san mi ya faru ba, ya wuce yana cin ƙosansa. Ni kuwa na kashe inji na zauna, ƙafafuna na rawa.

Tura shi na yi har gareji. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai kira yaron ya ce ya tsaya ya gani. Ya ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, ya tada shi, ya bar shi a ralanti, ya juya kan zuwa dama har ƙarshe: shiru. Ya juya hagu har ƙarshe, inji ya ɗauka. Wayar totur ce ta yi gajarta. An yi ta daidai da tsohon gidon, ni kuma na kawo mai tsawo, ga shi yaron ya bi da ita ta bayan ƙafar gaba inda take maƙalewa. Duk sanda aka karya kai, wayar ta ɗaure ta ja mai da kanta.

"Ɗana," in ji Kawu ga yaron, "ɗaure noti rabin aiki ne. Wannan juyin shi ne sauran."

Ya sake aikin tun daga farko, ni ina tsugune ina kallo. Ya sa waya mai tsawo, ya bi da ita inda ba abin da zai danne ta. Ya nuna mini wani ɗan haƙori a cikin akwatin maɓallan fitila da oda, wanda ke shiga wani ƙaramin rami a jikin gidon don kada akwatin ya riƙa juyawa. Sabon gidon ba shi da ramin, yaron ya danne hakanan. Wasu, in ji Kawu, karya haƙorin suke yi su huta. Shi ya auna ya huda. Noti huɗun kuma bai ɗaure ɗaya ya ƙare ba, sai kaɗan-kaɗan yana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, don su danne daidai. Ya sa na hau, ya daidaita hannun birki inda yatsuna ke sauka ba sai na karya wuyan hannu ba. Ya murɗa totur ya saki sau da yawa, yana jin ko tana komawa da kanta, kai na dama, kai na hagu.

Sannan ya tsaya gaban babur ya runtse ido ɗaya, ya ce har yanzu taya na kallon gefe. Ashe tun faɗuwar Jiratawa ƙafafun gaba sun ɗan murɗe a mazauninsu, abin da mai bututu bai duba ba, ni ma ban duba ba. Ya sassauta su, ya daidaita, ya ɗaure.

Ƴan kabu-kabu da ke saurarenmu, ku da ke sauya gidon fiye da kowa, da iyaye masu kai yara lakkol: in an sa muku sabo, kafin ku ba da kuɗɗi, ku tada inji ku karya kan dama da hagu har ƙarshe, ku saurara. In ƙarar ta sauya ko kaɗan, kada ku hau.

Tsohon gidon ɗin yana nan rataye a garejin Kawu. Ya buga shi sau biyu a kan dutse a gabana, ya rabu biyu daidai inda ɗiyata ke riƙewa. Ita kuma yanzu a baya take zama ta rungume ni, tana ta ƙorafin ba ta ganin hanya.