Shaidar da Ake Bin Mu a Shinge

Yau maganar shaida zan yi, domin ita ma wajibi ce.

Duk mai bin hanyar Dogon Dutsi zuwa Tibiri ko Matankari ya san halin shinge. Mu 'yan gari a duba katinmu a miƙo mana. Bafulatani mai rawani da sanda kuwa a sauke shi, a kwance kayansa, a bincike wayarsa, wani lokaci direba ya ja mota ya bar shi nan.

Ban musa cewa 'yan bindiga na ƙetarowa daga iyakar Sakkwato da Kabi ba, masu kaki kuma suna rasa rayukansu dominmu. Amma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ba ta ware makiyayi ba. Zaton kuma ba ya tsayawa a shinge: a 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta tono gawawwakin fararen hula 71 a yankin Inates, ta ɗora wa wasu sojoji alhakin.

Mu Arawa, Fulanin nan muke ba kiwon shanunmu. Idan ka san wanda aka sauke, ka sauko, ka gaida jami'in da ladabi, ka faɗi sunansa da rugarsu. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta haramta ɓoye shaida.