Ƙarfe Ba Ya Jin Kirari

Shekara uku ina ɗaga ƙarfe, har gasa na shiga, kuma na lura yawancin rauni da ɗan tsamin jiki yake farawa. A gasa ɗagawa uku ce: tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa, tura shi daga ƙirji a kwance, da ciccibo shi daga ƙasa. Gadon baya, kafaɗa da gwiwa ke shan wahalar.

Wanda ya kwana karatun jarrabawa, bai ɗumama jiki ba, abokai na ta ihun "ƙara masa goma!", shi rauni ke fara samu. Wani abokina ya danne ciwon baya wata guda; yanzu zaman lacca na awa biyu gagararsa yake.

Ɗan'uwa, in ciwo ya wuce sati, ajiye ƙarfen, ka leƙa kilinik. Gasa tana nan baɗi.