Abin da na gani a Madrid game da lakar ɗan tayi

A Matamai ƙwai abinci ne ko abin kai wa kasuwa. A Madrid, babban birnin Sifen, na iske mutanen da suka karrama wani malami saboda abin da ya hango a cikin ƙwai. Sunansa Santiyago Ramon Kahal, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya rasu a 1934.

A gidan tarihin kimiyyar halittu na birnin aka ajiye kayan aikinsa. Na daɗe tsaye gaban zane-zanensa: baƙar tawada ce a kan takardar da ta yi ja don tsufa, kowace ƙwayar jijiya da rassanta sirara, ya sa wa sassanta haruffa ɗaya bayan ɗaya. Duk da hannu ya yi su, idonsa a kan madubin ƙara girma. Wannan haƙuri nasa, da yadda mutanensa suka adana aikin, sun burge ni ƙwarai.

A 1890 ya duba lakar ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, ya ga kowace sabuwar ƙwayar jijiya tana miƙa zare mai kumburarren baki yana laluben hanya, kamar yaɗon duma a jikin danga. Masanan da suka biyo baya sun ƙarasa bayanin. Laka tana farawa ne shimfiɗe a bayan ɗan tayi, sai ta naɗe ta zama bututu. Ƙwayoyin asali da ke bangonsa na ciki suna ta rabuwa, 'ya'yansu su matsa waje su zama jijiyoyi. Wani sinadari da ke fitowa daga ƙasan bututun shi ke raba musu aiki gwargwadon yawansa: ta ɓangaren ciki ake samun masu motsa tsoka, ta ɓangaren baya masu karɓar saƙon ji.

A jikin ɗan Adam bututun yana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. In bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙari a gadon baya, wani lokaci ƙafafu a shanye. Sinadarin folik asid, wanda ke cikin maganin ƙarin jinin da ake bayarwa wurin awo, yana rage haɗarin sosai, amma sai an fara sha tun kafin ciki ya shiga.

Don haka, magidanta da iyaye mata na Matamai, kada a jira ciki ya fito. A je asibiti a nemi shawarar ungozoma tun amarya tana ɗaki.