Kwalbar Awon Ma Sai An Auna Ta

Mu mazauna zangunan Akra teku na kusa da mu, daga Nima zuwa bakin ruwa 'yan kilomita ne kawai, amma yawancin yaranmu ba su san kifin teku ba sai a soye ko a kyafe. Wannan ne ya sa mu malaman kimiyya a makarantarmu muka ajiye tankin gilas na ruwan gishiri a ɗakin gwaji. Kuɗinsa karo-karo ne na iyaye da malamai. Don haka duk kifin da ya mutu a ciki, da gumin wata uwa mai sayar da waina ya tafi.

Abin da ke kashe kifi a tanki ido ba ya ganinsa. Ruwa zai yi garau, alhali ya cika da amoniya, wato gubar da ke fita daga jikin kifi da ragowar abinci. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke juya ta zuwa naitarait, wadda ita ma guba ce, sannan zuwa naitaret mai sauƙin illa. Kafin su yi yawa a sabon tanki akan ɗauki mako 4 zuwa 6. A ruwan teku abin ya fi tsanani, domin pH ɗinsa na wajen 8.2, kuma a nan kason amoniya mai guba ya kusa ninki 10 na wanda ke ruwa mai pH 7.2. Ke nan ba makawa sai an auna. Tambayar ita ce, da me?

Kayan awon da ke kantuna iri biyu ne. Akwai 'yan sililin takarda da ake tsomawa, su sauya launi. Suna da araha da sauri, amma laima na ɓata su da zarar an buɗe gwangwanin, kuma kun san laimar bakin teku. Sai na kwalba, irin na API ko Salifert, inda ake ɗiga sinadari cikin ruwan da aka auna. Mu ga na kwalba muka karkata, ko da ya fi tsada.

Na kwalbar ma sai an duba. Na awon amoniya kashi biyu ne. Tsohon samfuri mai sinadarin Nessler yakan yi dususu a ruwan gishiri har a kasa karanta launin, ga shi da zaiba a cikinsa, abin da bai dace da hannun yara ba. Wanda ake so shi ne mai salisilet, wanda ke tashi daga rawaya zuwa kore. A duba kuma ko katin launin na ruwan gishiri ne, don wani kwalin kati biyu yake zuwa da su, kuma launukan ba ɗaya ba ne.

Sai maganar kwanan wata. Mun taɓa tsayawa a wani kanti, mai shi yana ta yabon kayansa, kwalaben na jere a taga rana na dukansu, wa'adinsu ya wuce da shekara guda. Muka nuna masa, ya ce ai ba magani ba ne da za a sha. Muka yi masa sallama. Sinadarin da ya mutu yakan nuna lafiya lau a ruwan da ya lalace, mai tanki ya kwanta da kwanciyar rai. Duk wadda ta taɓa sayen gari da olonka mai lotsattsen gindi ta san irin wannan cuta.

Gishiri kuwa nasa ma'aunin daban. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 a kowane kilo, wato nauyin 1.026 a ma'auni. Na roba mai allura mai lilo shi ne mai araha, sai dai ɗan kumfa guda ya maƙale a allurar ya ɗaga ta sama. Mun fi son madubin awon gishiri, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa cikin haske. Shi ma sai an daidaita shi da ruwan gwaji mai 35 daidai, wanda ake sayarwa a 'yar kwalba. Da hunturu muna yawan duba shi, saboda ruwa na tashi ya bar gishiri, kuma da ruwan daɗi ake cikawa. Da damina kuma ruwan da aka ɗebo kusa da bakin kogi gishirinsa kan ragu. Na kusa da tafkin Korle kam ba ma ko taɓa shi.

In kuɗi bai kai ba, shawararmu a fara da na amoniya da na gishiri, sannan naitarait da pH. Na kalsiyam da ire-irensa na masu kiwon murjani ne, ba su dame mu ba.

Kowace sabuwar kwalba sai mun gwada ta kafin mu yarda da ita. Mukan auna tataccen ruwa, dole amoniya da naitaret su nuna sifiri. Mukan auna ruwan tanki sau biyu mu ga ko amsar ta zo ɗaya. Yara biyu ne ke karanta launin, kowa shi kaɗai, a bakin taga, da farar takarda a baya, bayan cikar mintin da kwali ya ce. Kwalbar naitaret ta biyu sai an girgiza ta sosai, in ba haka ba ta nuna ƙasa da gaskiya. Wannan aikin 'yan aji ɗaya ke rige-rigen yi.

Akwai littafi a gefen tankin, ana rubuta rana da lamba da sunan mai awo. Yanzu yaran na roƙon a ƙara kifi biyu. Mun ce musu sai littafin ya nuna sifiri a amoniya da naitarait mako biyu a jere. Yau kwana 9.